Waiwaye: Daga majigi zuwa waya, hoton wa muke kallo?

Duk wanda ya kalli fina-finan tarihin Kaduna biyu ko uku ya san hotunan da za su fito tun kafin su fito: mahaya a hawan da aka yi wa Sarauniya Elizabeth a 1956, Sardauna yana gaisawa da jama'a, sai ƙofar masaƙar Kakuri da ciyawa ta cinye. Kowa ya rubuta sunansa a ƙarshe a matsayin mai shiri, amma da wuya ka ga an faɗi inda aka samo hoton. Wannan ɗabi'a ta girmi intanet nesa ba kusa ba.

Da majigi iyayenmu suka fara sanin fim ɗin da ake ce wa na gaskiya. William Sellers, jami'in lafiya ne a Legas, shi ya yi fice wajen yawo da fim don wayar da kai kan cututtuka, kuma shi aka ɗora kan sashen fina-finan mulkin mallaka da aka kafa a Landan a 1939. Mota ta iso gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi da dare, mai fassara yana bayani da lasifika. Labarin kusan ɗaya ne kullum: manomin da ya ji maganar malamin gona ya cika rumbu, mai taurin kai ya tashi a tutar babu. Tsofaffi har yau suna tuna fim ɗin Baban Larai da noman audugarsa. Mutanen da ke ciki an tsara musu abin da za su yi ne. Hatta Daybreak in Udi, da aka ɗauka a ƙasar Ibo, ya kuma ci kyautar Oscar a 1950 a rukunin fina-finan gaskiya, shirya shi aka yi kamar wasa. Tun daga tushe kwaikwayo ke tafe tare da gaskiya, ba tare da an gaya wa mai kallo ba.

Da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, masu ɗaukar hoto ma'aikata ne, abin da suka ɗauko kuwa na gidan ne. A 1977 talabijin ɗin ya koma ƙarƙashin NTA. A ganina daga nan muka gaji tunanin cewa tsohon hoto kayan gwamnati ne, kowa ya ɗiba.

Doka kam akwai ta. An yi dokar soja kan haƙƙin mallaka a 1970, aka sauya ta a 1988, aka kafa hukumar kula da ita a 1989, sannan Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwa a watan Maris na 2023. Abin da yawancin masu ƙorafi ba su gane ba shi ne dokar ba ta kare ra'ayi. In ka yi fim kan durƙushewar masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957, ba ka da ikon hana wani yin nasa, ko da daga bakinka ya ji maganar a majalisa. Abin da ke naka shi ne hoton da ka ɗauka da muryar da ka naɗa da yadda ka jera su, kuma kariyar fim shekara 50 ce daga fitowarsa. Da kamfanin British Pathé ya zuba tsofaffin hotuna kusan 85,000 a YouTube a 2014, kallo ya zama kyauta, amma kamfanin bai daina sayar da izinin amfani da su ba. Mu dai saukewa muka shiga yi.

Maimaita batu bai dame ni ba. Almajirai da masaƙu da daren juyin mulkin 15 ga Janairun 1966 sun isa a yi musu fim ɗari, muddin kowa zai taka da ƙafarsa ya nemo nasa shaidun. Abin da ke ci mini rai shi ne a ɗauki hoton wani wuri a liƙa wa wani.

Wani ƙanena ya yi makonni yana sintiri Kakuri kafin wani dattijo, tsohon ma'aikacin masaƙa, ya yarda a ɗauke shi. Ranar ɗaukar, dattijon ya shiga ɗaki ya fito da katin shaidar aikinsa a naɗe cikin leda, hoton ya koɗe, ya riƙe shi da hannu biyu yana ba da labarin jiniyar canjin aiki. Ba a yi wata da sakin fim ɗin ba sai ga wannan yanki a wani shafi, an yanke tambarin ƙanena, an ɗora wata murya, an ce mutumin a Kano ya yi aiki. Jikansa ne ya nuna masa a waya. Dattijon ya kira ƙanena ya ce, "Yaro, yaushe na yi aiki a Kano? Ashe sayar da ni ka yi?"

Ƙanena ya kai ƙara ga masu dandalin, aka sauke bidiyon, amma ya riga ya bazu a WhatsApp. Ya koma Kakuri har sau biyu da goro don ba da haƙuri. Dattijon ya karɓi gaisuwa, ya sa masa albarka, amma ya ce ba zai sake zama gaban kyamara ba, ragowar labarin yajin aikin da ya yi alkawarin bayarwa kuma har yau ba a naɗa ba.