Waiwaye: yaran da ke ajiye ƙwallo da ƙuruciyarsu, daga ina abin ya faro?

Tun ƙarshen 2025 musun nan na matasan 'yan wasa da ke barin ƙwallo da wuri ya ƙi mutuwa a gidajen kallo da majalisun masu son ƙwallo, kuma labarai biyu ne daga Ingila suka hura wutar. Na farko Alfie Whiteman, ɗaya daga cikin gololin Tottenham, wanda a watan Mayu na shekarar aka rataya masa lambar kofin Europa bayan sun ci Manchester United a Bilbao, ba a jima ba sai ga labari ya ajiye safar hannu yana ɗan shekara 26 ya koma ɗaukar hoto da harkar fim. Na biyu Han Willhoft-King, yaro ɗan 19 a ƙaramar tawagar Manchester City wanda har tirenin ake kiran shi ya yi da manya, shi kuma ya tattara ya tafi Jami'ar Oxford karatun lauya.

Abin da na fi ji a bakin mutane shi ne wai ƙoshi ne ya yi musu yawa, wasu su ce butulci ne, Allah ya ba ka abin da miliyoyin yara ke kwana suna roƙo ka sa ƙafa ka shure, wasu kuma su ce yaran yanzu ne kawai ba su da juriya, waya ta lalata su. Na fahimci zafin da ke cikin maganar, musamman a wurinmu da yaro zai sayar da abin da ya mallaka don ya samu a gwada shi a Turai. Amma gaskiya ana magana kamar jiya abin ya faɗo daga sama, alhali ya kusa shekara talatin yana tahowa.

Barin ƙwallo da wuri dai ba sabon abu ba ne. A 1969 Peter Knowles na Wolves ya daina wasa yana 23 saboda addininsa, kulob ɗin ya riƙe rajistarsa har 1982 ko zai dawo, bai dawo ba. George Best ya bar Manchester United a farkon 1974 yana 27. Van Basten idon sawu ne ya gama da shi, ya sanar a 1995 yana 30 bayan ya daɗe bai taka leda ba. Cantona ya tafi a 1997 yana 30, Nakata ɗan Japan a 2006 yana 29, Sebastian Deisler na Bayern a Janairun 2007 yana 27 bayan fama da gwiwa da ciwon damuwa. Schürrle da ya ba Götze ƙwallon da Jamus ta ci kofin duniya da ita a 2014, shi ma a 2020 ya ce ya isa yana 29. Waɗannan duk an san su, kuma kowannensu da dalilinsa na ƙashin kansa, wani rauni, wani addini, wani gajiya da shahara. Mutane ne da suka kai ƙololuwa, duniya ta gansu, sannan suka sauka.

Na yanzu wani iri ne daban. Yara ne lafiyarsu ƙalau ko kusa da haka, ba a kore su daga sana'ar ba, ƙofa a buɗe take, su ne da kansu suke cewa ba su ƙara sha'awa. Kuma in kana son gane wannan sai ka koma 1997, shekarar da kusan ba wanda ke ambata in ana wannan musu.

Kafin lokacin, yaro a Ingila ɗan makaranta ne kafin ya zama ɗan kulob. Ƙwallonsa a tim ɗin makaranta yake yi, da na unguwa ranar Lahadi, in ya yi fice a ɗauke shi tim ɗin gunduma. Kulob na iya koyar da yara amma ɗan lokaci kaɗan ne a mako, sai yaro ya kai 14 ake sa masa hannu a takardar ɗan makaranta, a 16 in ya gama sakandare ya shiga koyon sana'a sosai, yana tirenin yana goge wa manya takalma. Akwai kuma makarantar ƙasa a Lilleshall da aka buɗe a 1984, yara kamar 16 take ɗauka a shekara daga shekara 14 zuwa 16, nan Michael Owen da Sol Campbell da Joe Cole suka bi. Wato dai yawancin yara sai sun fara mallakar hankalinsu kafin ƙwallo ta zama musu aiki.

To sai abubuwa suka taru a lokaci ɗaya. Ingila ta kasa zuwa kofin duniya na 1994 a Amurka, wanda shi ne na farko da Najeriya ta je, ƙasar ta shiga tambayar kanta me ya sa yaranta ba su iya taɓa ƙwallo kamar na Holan da Faransa ba. A 1995 Ajax ta ɗauki kofin zakarun Turai da yaran da yawancinsu ita ta raina tun suna ƙanana, Kluivert yana 18 ya ci Milan a wasan ƙarshe, Kanu da Finidi suna cikin tawagar. A Disambar shekarar kuma kotun Turai ta yanke hukuncin Bosman, ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare zai iya tafiya kyauta, nan da nan Davids da Reiziger na Ajax suka wuce Milan ba a biya ko sisi ba, Kluivert ya bi su shekara ɗaya bayan nan. Ga kuɗin talabijin da suka fara kwarara tun kafa Firimiya a 1992 sun sa farashin ɗan wasan da ya riga ya nuna ya yi sama. Duk mai lissafi ya ga abu ɗaya, gara ka raini naka tun yana ƙarami ka sa masa hannu da wuri.

A cikin wannan yanayi aka fito da tsarin da ake kira Charter for Quality a 1997, wanda ya haifi akademi irin wadda muka sani yau. Kulob ya samu damar yi wa yaro rajista tun daga rukunin 'yan shekara 9, renonsa a ƙwallo ya tashi daga hannun malamin makaranta ya koma hannun kociyoyin kulob, aka sa ƙa'idar nisan tafiya, awa ɗaya ga ƙanana, awa ɗaya da rabi ga waɗanda suka ɗan tasa, Lilleshall kuma aka rufe ta a 1999 tunda aikinta ya koma kulob-kulob. Niyyar mai kyau ce kuma matsalar da aka so magancewa ta gaske ce, yara suna buga wasanni barkatai a filaye marasa kyau ba mai koya musu komai. Kuma tsarin ya yi aiki, duk wanda ya ga Ingila ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 da na 'yan ƙasa da 20 a shekara guda, 2017, ya san an samu abin da aka nema. A 2012 aka ƙara faɗaɗa shi da tsarin EPPP, aka kasa akademi aji huɗu, aka ƙara awannin tirenin sosai, manyan akademi suka samu damar ɗauko yara daga nesa, wasu yaran ana ɗaukarsu daga aji a ranakun karatu.

Amma ku tsaya ku duba me wannan ke nufi ga yaron kansa, don nan ne nake ganin gindin maganar yake. Yaro ɗan 8 zuwa 9, ɗan aji uku ko huɗu a firamare, ya sa hannu a takarda. Daga ranar yana da tirenin sau da yawa a mako bayan an tashi makaranta, wasa a ƙarshen mako, babansa ko mamarsa na tuƙi awa guda zuwa awa guda dawowa, abincin dare a mota, aikin gida a mota. Sau da yawa an hana shi buga wa makarantarsu ko tim ɗin unguwa kar ya ji ciwo, wato abokan da ya fara son ƙwallo saboda su an raba shi da su. Ƙananan yaran, shekara-shekara ake sabunta musu rajista, don haka duk ƙarshen kaka akwai zama da koci, a ce an riƙe ka ko an sallame ka, kuma yana gani da idonsa abokin da suke zama tare a bas bara bana babu shi. Ana auna gudunsa, ana auna tsayinsa, ana ɗaukar wasansa a bidiyo a zauna a nuna masa kurakuransa. A gida kuma ya zama shi ne fatan kowa, a makaranta sunansa ya koma yaron nan na kulob kaza, ba wanda ke tambayarsa me yake so ya zama don kowa ya ɗauka an riga an sani. Wallahi wannan aiki ne, ko ba a biyansa albashi aiki ne, kuma yaro bai kai shekarun da zai ce eh ko a'a da saninsa ba.

Saboda haka in aka ce Whiteman ya bar ƙwallo yana 26, lissafin da ya kamata a yi shi ne yana wajen shekara 10 ya shiga Tottenham, wato shekara 16 kenan yana abu ɗaya, kusan rabin shekara 35 da ma'aikacin gwamnati ke yi a Najeriya kafin ya yi ritaya. A duk tsawon nan sau ɗaya ya buga wa babbar tawagar wasa, a Europa a 2020, wasannin da ya samu na kirki sai da aka ba da shi aro Degerfors a Suwidin. Willhoft-King tun yana ƙaramin ɗan firamare yake cikin tsarin, ya sha rauni a shekarun da ya fi buƙatar wasa, kuma abin da ya bayyana shi ne ya daina jin daɗin rayuwar, kansa na son abin da ya fi tirenin da safe a dawo gida a zauna. Mu muna ganin matasa ne da suka fara, su kuma a jikinsu tsofaffin ma'aikata ne da aka zaɓa musu sana'a tun kafin su san akwai wasu sana'o'in, sai yanzu suka samu bakin magana.

Kuma ba su ne na farko a wannan layi ba, an dai ƙi haɗa labaran ne wuri guda. David Bentley da ya taso a Arsenal har ana kwatanta shi da Beckham ya daina a 2014 yana 29, ya ce son wasan ya fita daga ransa. Marvin Sordell da ya buga wa Birtaniya a Olamfik na 2012 ya ajiye a 2019 yana 28 saboda lafiyar ƙwaƙwalwarsa. Duk lokacin da irin wannan ya faru sai a yi kwana biyu ana magana a ce matsalar mutum ɗaya ce, a wuce.

Ga kuma abin da yaran ke gani wanda mu 'yan kallo ba ma gani. Alƙaluman da suka fito a 2022 sun nuna kashi 97 cikin 100 na yaran da suka bi ta manyan akademi, waɗanda a lokacin suke tsakanin 21 da 26, ba su taɓa buga ko minti ɗaya a Firimiya ba. Yaro mai hankali ɗan 19 ya san wannan lissafi fiye da ni da kai, ya san cewa abin da ya fi yiwuwa shi ne aro zuwa aro, kwantiragin shekara ɗaya a ƙaramin rukuni, canjin gari duk bazara, sannan a 30 ya fara neman abin yi ba takarda a hannu. In irin wannan yaro ya samu gurbi a Oxford ya karɓa, ni ban ga butulci a ciki ba.

Ba na cewa sauran dalilan da ake kawowa ƙarya ne. Zagin da ake yi wa 'yan wasa a intanet gaskiya ne, yawan wasanni ma gaskiya ne, Varane ya bar buga wa Faransa a 2023 yana 29 yana kukan jadawalin ya yi yawa, ya ajiye gaba ɗaya a 2024. Kuɗi ma na da hannu, wanda ya tara abin da zai riƙe shi ya fi samun ƙarfin halin tafiya. Amma waɗannan duk a kan wanda ya riga ya gaji suke sauka. Ku duba waɗanda suka shigo a makare, Ian Wright sai da ya kusa 22 ya samu kwantiraginsa na farko a Crystal Palace a 1985, Jamie Vardy an sallame shi daga ƙaramar tawagar kulob yana 16, ya yi aikin masana'anta yana buga ƙananan rukunai, sai yana 25 Leicester ta saye shi a 2012, kuma har ya haura 38 yana gudu kamar an biyo shi. Mutum biyu ba hujja ba ce da za a rufe magana da ita, amma yunwar wasan da ke jikinsu kowa ya gan ta.

Abin ya shafe mu ta wani gefen, shi ya sa ma na damu. Tun da aka kafa dokar 2001 da ta hana ɗaukar yaro ƙasa da 18 daga wata ƙasa zuwa wata sai da wasu sharuɗɗa, neman yaran Afirka ya koma gida, akademi suka yawaita daga Senegal zuwa Gana zuwa Najeriya, masu kyau da na bogi. Yanzu a garuruwanmu za ka ga uba ya kai ɗan shekara 10 akademi yana biyan kuɗi, wani har ya sassauta masa boko da islamiyya wai kar su raba masa hankali. Yaron Landan in ya gaji yana da jarrabawar da ya ci da jami'ar da za ta karɓe shi. Namu in ya gaji a 19 ba ya ma iya faɗa, don gida an riga an ci bashi a kansa, sai dai kawai a daina ganinsa a fili, kuma ba jaridar da za ta rubuta.

A Ingilar an fara farga da wani ɓangare. A 2022 Crystal Palace ta fito da shirin kula da yaran da ta sallama har tsawon shekara uku, a 2023 Trent Alexander-Arnold, wanda shi kansa yana 6 ya shiga Liverpool, ya kafa shirin nema wa irin waɗannan yara aikin yi. Abu ne mai kyau, amma duk a bakin ƙofar fita ake aikin, ƙofar shiga kuwa shekarunta ƙara sauka suke yi, ana bibiyar 'yan 6 da 7 tun kafin su kai shekarun rajista, Ethan Nwaneri ya buga Firimiya yana 15 a 2022, Max Dowman ma yana 15 a 2025, kowane uba da ya gani sai ya ji nasa ɗan ya makara. Yaran da suka shiga akademi suna 'yan 9 a 2012, wato rukunin farko da suka yi duk ƙuruciyarsu ƙarƙashin tsarin awanni masu yawa, a 2025 suka cika 22, na bayansu kuma sun fi su yawan awanni a ƙafa, don haka ni dai ina sa ran labaran masu ajiyewa za su ƙaru a 'yan shekarun nan masu zuwa.