Haƙƙoƙi da nauyin da ke kan ɗaliban da ke karatu a ƙasashen waje

Ɗalibin ƙasar waje shi ne wanda ya bar ƙasarsa ya shiga wata da izinin hukuma domin neman ilimi na wani ƙayyadadden lokaci. Haƙƙoƙinsa da nauyin da ke kansa suna fitowa ne daga dokar shige da fice ta ƙasar da ya je, da dokokin makarantarsa, da kuma yarjejeniyar da ya sa wa hannu da mai ɗaukar nauyinsa, in akwai shi. A yawancin ƙasashe abubuwan nan a ɗaure suke da juna: biza ta dogara ne da rajistar makaranta, rajista kuma ta dogara da biyan kuɗi da shiga aji. Idan ɗaya ya tsinke, sauran sukan biyo baya.

Fita neman ilimi ba baƙon abu ba ne a Kano. Tun da daɗewa ɗalibai ke tafiya Azhar a Alƙahira, da Khartoum, da Jami'ar Musulunci ta Madina wadda aka kafa a 1961. A mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na 2011 zuwa 2015 gwamnatin jiha ta tura ɗaruruwan matasa karatun digiri na biyu da tuƙin jirgi da likitanci, rukunin farko shi ne wanda aka fi sani da 501, wato adadin ɗaliban da ke cikinsa. A 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta farfaɗo da shirin da ɗalibai 1,001, akasari zuwa Indiya da Uganda. Ban da waɗannan akwai masu tallafin Gwamnatin Tarayya da na PTDF (asusun bunƙasa fasahar man fetur), da kuma mafi yawa, waɗanda iyayensu ke biya daga aljihu.

Sharuɗɗan biza

Nan ne ɗalibai suka fi faɗawa cikin matsala, sau da yawa ba da niyya ba. A Ingila makaranta ce ke tsaya wa ɗalibi a gaban hukuma, ita ke ba shi lambar CAS da yake neman biza da ita, kuma doka ta wajabta mata ta kai rahoto idan ya daina zuwa aji. A Amurka mai bizar F-1 yana riƙe da takardar I-20 da makaranta ke ba shi, sunansa na cikin SEVIS, rumbun bayanan ɗaliban waje na gwamnati, dole ya ɗauki cikakken adadin kwasa-kwasai kowane zango, kuma idan ya sauya gida ya sanar cikin kwana 10. A Indiya wanda bizarsa ta wuce kwana 180 sai ya yi rajista da ofishin baƙi na FRRO cikin kwana 14 da saukarsa. A Jamus ma mako biyu ake ba mutum ya yi rajistar adireshinsa a ofishin gari. Maleshiya tana neman ɗalibi ya halarci kashi 80 cikin ɗari na darussa kafin a sabunta masa izinin zama. A Masar da Saudiyya maganar iƙama ce. Barinta ta mutu yana jawo tara.

Batun aiki ya fi kowanne ruɗar mutane, domin labarin da ake bayarwa a majalisa da abin da doka ta ce sun sha bamban. Ɗalibin digiri a Ingila yana da damar aikin awa 20 a mako lokacin karatu, cikakken aiki a hutu, amma an hana shi sana'ar kansa. Ke nan sayar da turare ko shadda ta WhatsApp, wanda a Kano ba a ɗauke shi a bakin komai ba, na iya zama karya sharaɗin biza. A Amurka awa 20 ɗin a cikin harabar makaranta ne. Kanada ta mayar da nata awa 24 a Nuwamba 2024. Jamus kwana take ƙirgawa, 140 cikakku ko rabi-rabi 280 a shekara. Bizar ɗalibi a Indiya kuwa ba ta aiki ba ce. Tafiya da iyali ma ta ƙara tsauri: daga Janairu 2024 Ingila ta hana masu digiri na biyu na aji ɗaukar mata da 'ya'ya, sai masu bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu.

Kuɗin makaranta

Rashin biya a kan lokaci yakan zama matsalar biza nan take. Bayan an saki naira a Yuni 2023 darajarta ta faɗi ƙwarai, kuɗin da iyaye suka tanada ya kasa kai rabin tafiya. A 2024 an ba da labarin wasu 'yan Najeriya a Jami'ar Teesside da aka dakatar saboda bashi, aka umarce su da barin Ingila. Jami'o'i da dama suna yarda a riƙa biya kashi-kashi idan ɗalibi ya yi magana kafin wa'adi ya cika, amma kunya takan sa wasu su yi shiru har takardar kora ta iso. Akwai kuma kuɗin lafiya: a Ingila fam 776 ne a shekara tun Fabrairu 2024, ana biyansa tare da neman biza, shi ke ba ɗalibi damar zuwa asibitin gwamnati.

Abin da ɗalibi ke da haƙƙi a kai

Zama baƙo bai raba mutum da kariyar doka ba. Sashe na 36 na Yarjejeniyar Vienna ta 1963 kan harkokin jakadanci ya ba duk wanda aka kama a wata ƙasa damar a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa idan ya nema. Jakadanci zai iya ziyartarsa, ya taimaka wajen samun lauya, ya sanar da dangi, amma ba shi da ikon fitar da shi daga hannun kotu. Amfanin sanar da ofishin jakadanci cewa mutum yana gari ya fito fili a 2022 lokacin yaƙin Ukraine, da Afrilu 2023 da faɗa ya ɓarke a Khartoum, inda aka kwashe ɗalibai, cikinsu har da 'yan Kano da yawa, a motoci zuwa iyakar Masar da Port Sudan.

A cikin makaranta ɗalibi na da damar ɗaukaka ƙara kan sakamako ko hukuncin ladabtarwa. A Ingila da Wales akwai ofishin OIA mai zaman kansa da ke sauraron koke idan hanyar makaranta ta ƙare. Dokar Daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta haramta nuna bambanci saboda addini ko launin fata. Sai dai 'yancin addini ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Faransa ɗaliba na iya sa hijabi a jami'a, domin haramcin 2004 makarantun firamare da sakandare na gwamnati ya shafa, amma niƙabi an hana shi a bainar jama'a da dokar 2010. Fasfo kuwa bai kamata ya zauna a hannun ejan ko mai gidan haya ba.

Kaya da saƙo

Al'adar karɓar saƙo a filin jirgi ladabi ce a gida, amma doka mai jaka take tambaya. Ƙwayar tramadol ta jefa matafiya cikin kurkuku a Masar da Saudiyya, inda hukuncin safarar ƙwaya kan kai ga kisa. Kilishi da dambun nama ma, tsarabar da kowace uwa ke son cusawa a akwati, Ingila da Amurka ba sa barin a shiga da su.

Bayan dawowa

Wanda gwamnati ta tura yakan sa hannu tare da masu tsaya masa cewa zai dawo ya yi aiki na wasu shekaru, in ya saɓa a nemi kuɗin. Kowane mai digirin waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardunsa, sannan ya yi rajistar hidimar ƙasa idan ya kammala kafin ya cika shekara 30. Likitoci na zana jarrabawar MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya, masu shari'a kuma su fara da kashin farko na Makarantar Horar da Lauyoyi. A Janairu 2024 ma'aikatar ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo bayan binciken jaridar Daily Nigerian ya nuna ana sayen shaidar kammalawa a Kwatano cikin makonni kaɗan. Saboda haka bincika ko Najeriya ta amince da makaranta aiki ne da ake yi tun kafin a biya ejan ko sisi.