A Ba Shi Riga, A Sa Shi Cikin Fili

Idan hunturun Jos ya fara sassautawa, makarantu kan shiga hidimar gasar wasannin gidaje, wadda yara ke kira intahaus. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a matakin farko, kuma akan gayyace mu mu zauna a bakin fili da akwatin taimakon gaggawa. Daga wurin zamana nakan hango abin da mai busa usur ba ya gani: yaro ɗaya ko biyu a gindin bishiya, kowa da rigar gidansu, ja ko kore ko shuɗi, su kuwa da kayan makaranta, an bar musu gadin jakunkuna. Su ne masu raunin fahimta, waɗanda a unguwa ake yi wa laƙabi da dolo ko gaula.

Na taɓa tambayar wata uwa a Anguwan Rogo dalilin da ya sa ɗanta bai zo ba. Ta ce, "Malama, gara ya zauna a gida da a mayar min da shi abin dariya." Ban ga laifinta ba. Amma zaman gidan ma yana da tasa illar.

Wannan lalura ba aikin aljanu ba ce, ba kuma sammu ba. Wani da ita aka haife shi, kamar masu galahanga, irin wadda ake kira Down syndrome a Turance, da ke zuwa da ƙarin ƙwayar gado guda a kan ta 21 cikin ƙwayoyin halittarsu. Wani doguwar naƙuda ce ta hana ƙwaƙwalwarsa iska, wani shawara ce ta yi masa tsanani yana jariri, wani sanƙarau, wani ƙarancin sinadarin ayodin a jikin uwa lokacin goyon ciki. Abin ya taɓa saurin koyo ne. Ƙafafu na nan, son wasa ma na nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 na buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 60 a rana, kuma ba ta cire masu naƙasa ba. Yaron da aka killace a ɗaki ƙiba ke kama shi, gaɓoɓi su yi tauri, bakin ma ya ƙara nauyi don ba shi da abokin magana.

Tun 1968 wata Ba'amurkiya, Eunice Kennedy Shriver, ta kafa gasar Special Olympics a birnin Chicago domin irin waɗannan yara, kuma Najeriya na tura 'yan wasa. Abin da ya fi burge ni a tsarinsu shi ne haɗa masu lalurar da marasa ita a ƙungiya ɗaya, riga ɗaya, ƙwallo ɗaya. Wannan nake roƙon malamanmu su ɗauka. Tseren tausayi da akan ware musu a ƙarshen taro, manyan baƙi na tafi suna share hawaye, ni dai bai kwanta min ba. Yaron ya san an ware shi. Amma ran da ya miƙa wa ɗan ajinsu sanda a tseren ba-ni-in-ba-ka, gobe sunansa na yanka za a kira, don gidansu na buƙatarsa.

Haɗa su wasa da sauran yara ba ya cin kuɗi. Malamin wasanni ya taƙaita umarni, magana ɗaya a lokaci ɗaya, ya nuna da jikinsa maimakon dogon bayani, ya maimaita ba tare da tsawa ba. A rage faɗin fili, a buga biyar-biyar. A haɗa yaron da aboki mai haƙuri. Wanda hayaniya ke firgitawa a fara da shi a atisaye, ba ranar da ganguna ke tashi ba.

Sai ɓangarenmu na lafiya. Kusan rabin masu galahanga ana haifarsu da matsalar zuciya, wasu kuma ƙashin wuyansu na da sako-sako, don haka likita ya duba su kafin a bar su su sa wa ƙwallo kai ko su yi alkafura. Mai farfaɗiya zai iya wasa muddin yana shan maganinsa. In ta tashi a fili, a kwantar da shi ta gefe, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki. Yawunsa ba ya sa wa kowa cutar. In jijjigar ta wuce minti 5, a nufi asibiti.

Iyaye, doka ma tana bayanku: a Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar da ta haramta nuna wa masu naƙasa bambanci a Najeriya, har da sha'anin ilimi. Kada ku jira ranar gasa. Tun farkon zango ku je wurin hedimasta, ku tambayi gidan da aka sa ɗanku da wasan da zai yi, ku tafi da takardar likita a hannu.