Dilip Kumar

Dilip Kumar, wanda sunansa na yanka Muhammad Yusuf Khan ne (11 ga Disamba 1922 zuwa 7 ga Yuli 2021), ɗan wasan fim ne na ƙasar Indiya da ya shafe fiye da shekara 50 yana fitowa a finafinan Hindi. An fi saninsa da rawar masoyin da ya rasa abin ƙaunarsa, har aka yi masa laƙabi da sarkin wasan baƙin ciki. Ya zauna da matarsa, 'yar wasa Saira Banu, kusan shekara 55.

Asali da ƙuruciya

An haife shi a unguwar kasuwar Qissa Khwani da ke Peshawar, garin da yau yake cikin Pakistan. Mahaifinsa, Lala Ghulam Sarwar, ɗan kasuwar kayan marmari ne mai 'ya'ya 12. Iyalin sun koma Bombay, wato Mumbai ta yanzu, a shekarun 1930. Wajen 1940 Yusuf ya bar gida ya tafi Pune, ya yi sana'ar sayar da abinci a wani kulob na sojoji kafin ya dawo.

Shiga harkar fim

Devika Rani, shugabar kamfanin Bombay Talkies, ita ta ɗauke shi aiki, kuma a can aka raɗa masa sunan Dilip Kumar. Ana cewa ya amince da sabon sunan ne domin tsoron mahaifinsa, wanda ba ya ganin wasan fim da mutunci. Fim ɗinsa na farko, Jwar Bhata na 1944, bai yi kasuwa ba. Sai da Jugnu ya fito a 1947 sunansa ya fara tashi, Andaz na 1949 kuma ya kafa shi.

Shekarun 1950 su ne ganiyarsa. A lokacin da 'yan wasa da yawa ke ɗaga murya da yawan motsa hannu irin na dandali, shi sai ya riƙa magana a hankali, yana barin shiru da kallo su isar da saƙo. Wannan salo ne ya bambanta shi, na bayansa kuma suka yi ta koyi da shi. Amma ya biya farashinsa: yawan nutsewa cikin rawar baƙin ciki ya jefa shi cikin ciwon damuwa, har wani likitan ƙwaƙwalwa a Ingila ya ba shi shawarar ya riƙa sirkawa da finafinan raha, irin su Azaad na 1955. A wannan zamanin ya yi Daag, Devdas, Naya Daur da Madhumati, sannan Mughal-e-Azam a 1960, inda ya fito a matsayin Yarima Salim, da Gunga Jumna a 1961. Zamanin ne kuma finafinan Indiya suka fara samun karɓuwa a gidajen silima na Kano da sauran biranen Arewa.

Bayan Bairaag na 1976 ya huta shekara biyar. Ya dawo da Kranti a 1981 yana fitowa a dattijo, ya yi Shakti tare da Amitabh Bachchan a 1982. Qila na 1998 shi ne na ƙarshe.

Aure

Kafin aurensa ya yi shekaru yana soyayya da 'yar wasa Madhubala. Sun rabu a lokacin shari'ar da ta taso kan fim ɗin Naya Daur, kuma har yau ana saɓani kan ainihin dalilin rabuwar.

Ranar 11 ga Oktoba 1966 ya auri Saira Banu, 'yar Naseem Banu, wadda ita ma fitacciyar 'yar wasa ce. Saira tana da shekara 22, shi kuma yana dab da cika 44. Ta sha faɗa cewa tun tana yarinya take sonsa, ko da yake shi da farko ya ƙi fitowa tare da ita a fim saboda yana ganin ta yi masa ƙanƙanta. Bayan auren sun fito tare a Gopi, Sagina da Bairaag, daga nan ta rage aiki har ta bari.

Jarrabawa ta farko ta zo a 1972. Saira ta samu juna biyu, cikin ya kai wata takwas, sai hawan jini ya kama ta, jaririn, namiji, ya rasu a ciki. Ba su sake samun haihuwa ba. A littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 2014, Dilip Kumar ya ce sun ɗauki abin a matsayin hukuncin Allah.

Ta biyu ta fi ɗaci, domin daga gare shi ta fito. A 1981 ya auri Asma Rehman, 'yar Hyderabad, ba tare da sanin Saira ba, kuma rahotanni sun ce a jarida ta ga labarin. Auren ya mutu a 1983. Daga baya shi da kansa ya kira shi babban kuskure, ya kuma yi maganar zafin da ya jawo wa matarsa. Saira ba ta fita daga gidan ba.

Da tsufa ya kama shi, rashin lafiya ta yi ta kai shi asibiti, ga ciwon ƙoda, ga na huhu. Saira ce ta tsaya a kan jinyarsa shekara da shekaru a gidansu na Pali Hill da ke unguwar Bandra a Mumbai, ita ke raka shi asibiti, ita ke yi wa masoyansa bayanin halin da yake ciki. Takan kira shi Sahib. A 2020 cutar korona ta kashe ƙannensa biyu, Aslam da Ehsan, ana kuma cewa an ɓoye masa labarin saboda raunin jikinsa.

Lambobin yabo da siyasa

Ya ci kyautar Filmfare ta gwarzon ɗan wasa a finafinan Hindi sau takwas, shi ne ma ya fara cin ta. Indiya ta ba shi Padma Bhushan a 1991, kyautar Dadasaheb Phalke ta 1994, da Padma Vibhushan a 2015. Pakistan ta ba shi Nishan-e-Imtiaz a 1998, abin da ya jawo masa suka daga jam'iyyar Shiv Sena ta Indiya, amma bai mayar da lambar ba. Ya zauna a majalisar dattawan Indiya daga 2000 zuwa 2006.

Rasuwa

Ya rasu a asibitin Hinduja da ke Mumbai yana da shekara 98. An yi jana'izarsa a ranar, aka binne shi a maƙabartar Musulmi ta Juhu tare da girmamawar gwamnati.