Saitin Nuni a Manhajojin Zanen Gini

Saitin nuni shi ne tsarin da mai zanen gini yake yi wa manhajarsa domin ta san yadda za ta nuna layuka, launuka, rubutu da alamomi, a allon kwamfuta da kuma a takarda bayan an buga. Saitin ba ya taɓa awon ginin. Bangon da aka zana da tsawon mita huɗu yana nan a mita huɗunsa, ko an nuna shi da jan layi siriri ko da baƙi mai kauri. Abin da ke sauyawa shi ne sauƙin karantawa ga jami'in tsara birane da zai sa hannu, da birkilan da zai ɗora bulo.

Tarihi

Yawancin ƙa'idojin da manhajoji ke bi a yau sun girmi kwamfutar tebur. A zamanin zanen hannu, ana aiki ne da alƙaluman tawada masu bakin ƙarfe a kan takarda mai shara-shara, kowane alƙalami da faɗin bakinsa. Kamfanin Rotring na Jamus ya fitar da alƙalamin Rapidograph a 1953, Isograph kuma ya biyo baya a cikin shekarun 1970. Faɗin da aka daidaita a kai, a milimita, shi ne 0.13, 0.18, 0.25, 0.35, 0.5, 0.7 da 1.0, har zuwa 2.0. Ba da ka aka zaɓi waɗannan lambobi ba. Kowacce ta ninka ta ƙasa da ita kusan sau 1.4, daidai da yadda takardar A2 ta fi A3, don haka idan aka faɗaɗa zane daga A3 zuwa A2, layin 0.35 sai ya koma 0.5, wanda akwai alƙalaminsa a hannu in ana son gyara. Kowane alƙalami yana da zoben launi a jikinsa: 0.25 fari, 0.35 rawaya, 0.5 ruwan ƙasa, 0.7 shuɗi.

Ana danganta farkon zane a allon kwamfuta da manhajar Sketchpad, wadda Ivan Sutherland ya gabatar a jami'ar MIT ta Amurka a 1963. Sai a Disamban 1982 kamfanin Autodesk ya fitar da AutoCAD, wadda ke aiki a ƙananan kwamfutoci. Allunan lokacin launuka kaɗan suke iya nunawa, kuma kowane layi kaurinsa ɗaya. Na'urar buga zane ta wancan zamani, wato fulota, alƙaluma na gaske take ɗauka ɗaya bayan ɗaya tana ja a kan takarda. Da yake allo ba ya nuna kauri, sai launi ya zama saƙo ga fulota: duk abin da aka zana da ja a ba shi alƙalami na ɗaya, rawaya na biyu, haka har ƙarshe. Daga nan jerin launukan AutoCAD ya samo darajarsa: 1 ja, 2 rawaya, 3 kore, 4 ruwan sararin sama, 5 shuɗi, 6 ja mai ratsin shunayya, 7 kuma fari ko baƙi gwargwadon launin bayan allo. Jerin ya kai 255.

An raba fagen zane, inda ake zana ginin da cikakken awonsa, da fagen takarda, inda ake tsara shi don bugu, a fitowar AutoCAD ta 11, wajen 1990. AutoCAD 2000, wadda ta fito a 1999, ita ta ba kowane layi kaurin kansa, ta kuma kawo fayilolin saitin bugu iri biyu, CTB mai bin launi da STB mai bin suna. Fulota mai alƙalami ta daɗe da barin kasuwa, amma ofisoshi da yawa har yanzu da launi suke faɗin kauri.

A Najeriya, Zariya ce tsohuwar cibiyar koyar da zanen gine-gine, tun kafin kwalejin da ke can ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Kebbi ta samu jiha a 1991, Zamfara a 1996, wato an shiga gina sakatariyoyi da gidajen ma'aikata a Birnin Kebbi da Gusau a daidai lokacin da zane ke ƙaura daga tebur zuwa kwamfuta. Ƙaurar ba ta zo rana ɗaya ba. An daɗe ana haɗa biyun.

Kaurin layi

Filan gida yanka ne na tunani: kamar an sare ginin a kwance a tsayin kusan mita 1.2 daga daɓe, aka leƙo daga sama. Abin da yankan ya ratsa, bango da ginshiƙi, shi ke samun layi mafi kauri, galibi 0.5 ko 0.7. Abin da ake hangowa a ƙasa, kamar dakali, matakala da bakin taga, 0.25 ko 0.35. Layukan awo da zanen tayil su ne mafi siranta. Abin da ke sama da yankan, irin su linta ko bakin rufi, da layi mai tsinke-tsinke ake nuna shi.

A ma'aunin 1:100, inda milimita ɗaya a takarda ke wakiltar ɗari a gini, bangon bulo mai inci tara, wato milimita 225, faɗinsa a takarda milimita 2.25 ne, mai inci shida kuma 1.5. Idan aka ja gefuna biyu na mai inci shida da layin 0.7, farin da ya rage a tsakani bai wuce 0.8 ba, kuma hoton kwafi ɗaya ya isa ya toshe shi. Birkila a Jega ko Talata Mafara da aka miƙa wa irin wannan takarda ba zai iya bambance bangon ɗaukar nauyi da na raba ɗaki ba sai ya tambaya. Shi ya sa masu zane da dama ke sauka zuwa 0.5 a wannan ma'auni, su bar 0.7 ga 1:50.

AutoCAD ba ta nuna kauri a allo sai an kunna saitin LWDISPLAY, kuma duk layin da ba a ba shi kauri ba 0.25 yake ɗauka. Nan ɗalibai suka fi tuntuɓe: zane ya yi kyau a allo saboda launuka, a takarda ya fito bai ɗaya.

Leya da launi

Leya tamkar fallen takarda mai shara-shara ce da aka ɗora a kan wata: bango a tasa, ƙofofi a tasu, wayoyin lantarki da bututun ruwa kowanne daban. Ana iya kashe leya, ko a daskarar da ita, ko a kulle ta yadda za a gan ta amma ba za a iya taɓa ta ba. Abin da aka zana a leyar Defpoints ana ganinsa a allo, amma ba ya fita a bugu.

Rawaya tana haskawa a baƙin allo, a farar takarda kuwa kusan ɓacewa take yi. Shuɗi mai lamba 5 akasin haka. Fayil ɗin monochrome.ctb yana mayar da dukkan launukan jerin baƙi a lokacin bugu. Kan launin bayan allo ra'ayi ya rabu: wasu na cewa baƙi ya fi sauƙi ga ido, wasu na cewa fari ya fi kama da takarda. Tsakanin CTB da STB ma ba a daidaita ba.

Da'ira da baka

Manhaja ba ta zana da'ira ta gaskiya a allo. Gajerun miƙaƙƙun layuka take jerawa. Idan aka zuƙo zanen zagayayyen zaure, ko bakan ƙofar masallaci, sai a ga ya yi kusurwa-kusurwa. Umarnin REGEN yana sake lissafa shi, VIEWRES kuma yana ƙara santsi, daga 1 zuwa 20,000. Laifin na allo ne kawai, bugu lafiya yake fita, kuma ɗaga lambar sosai na iya nauyaya tsohuwar kwamfuta.

Rubutu da girman takarda

Rubutun awo ana so ya kai milimita 2.5 a takarda, don haka a 1:100 tsayinsa a fagen zane milimita 250 ne. Tun AutoCAD 2008 akwai rubutu mai bin ma'auni da kansa. Tazarar layi mai tsinke-tsinke kuma saitin LTSCALE ke riƙe da ita. In lambar ba ta dace ba, sai layin ya zama kamar ɗorarre. Wata matsala kuma ita ce zanen da aka shirya wa babbar takardar A1 a buga shi a ƙaramar A3. Komai ya ragu da rabi ke nan: rubutun 2.5 ya koma 1.25, ma'aunin 1:100 ya zama 1:200 alhali a ƙasan takardar an rubuta 1:100. Ga shi kuma sau da yawa a waya ake tura wa magini filan, yana dubawa a tsakiyar rana.

Sauran manhajoji

Revit, wadda Autodesk ta saya a 2002, tana da matakai uku na yawan bayani a kowane zane. ArchiCAD ta kamfanin Graphisoft na ƙasar Hungari da jerin alƙaluma take aiki.