Waiwaye: Musun gwanin 'yan dambe, da ranar da aka mayar da awo jajibere

Tun asubar Lahadin nan ta watan Satumban 2025, da Terence Crawford ya doke Canelo Alvarez da maki a Las Vegas, musun wane ne gwanin 'yan damben boksin na duniya ya ƙi mutuwa a Kano. Ka zauna teburin mai shayi a Fagge, ko ka leƙa gidan kallon ƙwallo a Kurna kafin a take wasa, za ka iske an rabu gida uku. Wasu sun ce mutumin da ya tsallake aji biyu, daga kilo 70 zuwa kilo 76, ya kwashe kambuna huɗu a dare ɗaya, ba shi da na biyu. Wasu sun ce ina, Oleksandr Usyk ne, wanda ya taso daga ajin kilo 90 ya ci Anthony Joshua sau biyu, ya kuma ci Tyson Fury sau biyu a Riyad. Na uku kuwa suna bayan Naoya Inoue na Jafan, mai kilo 55, suna rantsuwa da a ce Allah ya ba shi jikin Joshua, da naushinsa sai ya rushe katanga.

Matasan da ke wannan cacar baki sun ɗauka waya ce ta kawo ta. Musun ya girmi iyayensu.

A 1897 Bob Fitzsimmons, da nauyinsa bai wuce kilo 76 ba, ya kwantar da James Corbett ya karɓe kambun masu nauyi na duniya. A 1938 Henry Armstrong ya riƙe kambun aji uku a lokaci guda, zamanin da azuzuwan duka takwas ne. Sai Sugar Ray Robinson ya zo a shekarun 1940, marubutan wasanni suka rasa yadda za su ce ya fi kowa alhali Joe Louis ya fi shi jiki nesa ba kusa ba, sai suka riƙa cewa in za a auna laba da laba, shi ne gwani. Daga ƙarshen shekarun 1980 mujallar The Ring ta mayar da abin jadawali, Mike Tyson a sama. Wannan duk sananne ne, duk mai bin damben boksin ya haddace shi.

Mu 'yan Najeriya ma muna da namu darasin, kuma mai ciwo ne. Dick Tiger, wanda ya kare kambunsa na ajin kilo 72 a gaban Gene Fullmer a filin wasa na Liberty da ke Ibadan a 1963, ya hau ajin kilo 79 ya karɓe kambu a hannun José Torres a 1966. A watan Mayun 1968 ya gamu da Bob Foster, dogo mai dogon hannu. A turmi na huɗu Foster ya sakar masa bahagon naushi, Tiger ya faɗi bai tashi ba sai da aka gama ƙirge. Duk tsawon rayuwarsa ta dambe, wannan ne kaɗai karon da aka kwantar da shi har ƙirge ya cika. To shi wannan Foster ɗin, da ya kare kambunsa sau 14, da ya ɗauki hannun nan nasa ya shiga cikin manya, Joe Frazier ya gama da shi a turmi na biyu a 1970. Bayan shekara biyu Muhammad Ali ya yi ta kai shi ƙasa har aka tsaya a turmi na takwas. Hannun dai shi ne, bai sauya ba. Wuyan da ke karɓar dukan ne ya sauya, da ƙashin da ke ƙarƙashinsa. Naushi nauyi ne da gudu a haɗe, kuma wanda aka naushe ma yana da nasa nauyin da ke shanye shi.

Amma abin da na fi so a tsaya a kai wani ne daban, wanda ban taɓa jin an ambace shi a teburin shayi ba: ranar da ake hawa sikeli.

A zamanin Robinson da Tiger, ranar wasan ake awo. Da hantsi ko da rana ka hau sikeli, da dare ka shiga fage. In an ce ɗan dambe kilo 72 ne, to kusan abin da zai shiga da shi ke nan, sai ɗan abincin rana da ruwan da ya sha. A watan Yunin 1952, da Robinson ya nemi kambun ajin kilo 79 a hannun Joey Maxim a New York, tazarar kilo bakwai da ke tsakaninsu tazara ce ta gaskiya. Zafin daren ya kai digiri 40, irin na Kano a watan Afrilu, har alƙalin wasa ya kasa aka sauya shi. Robinson yana gaba da maki, amma ya kasa tasowa daga kujerarsa a turmi na 14. Kowa ya san abin da ya ɗauka a kansa, domin lambar da sikeli ya nuna ita ce ke cikin fage.

Sai ga watan Nuwamban 1982. Wani matashi ɗan Koriya ta Kudu, Kim Duk-koo, ya kara da Ray Mancini a Las Vegas, ya faɗi a turmi na 14, bayan kwanaki kaɗan ya rasu a asibiti. Mutuwarsa ta girgiza duniyar dambe. Abin da kowa ya riƙe daga cikinta shi ne rage turmin wasan kambu daga 15 zuwa 12. Sai dai a wancan lokacin likitoci sun matsa a kan wani abu na biyu: ɗan damben da ya ƙona ruwan jikinsa don ya cika awo, sannan ya shiga fage bayan awa kaɗan, yana karɓar duka a ka da jiki busasshe. Ga kuma batun kuɗi. A watan Yulin 1983 an soke wani babban wasan kambu a Washington a ranar da za a yi shi, saboda sikeli ya nuna ɗaya ya haura, ga tikiti an sayar, ga talabijin na jira. Daga nan, sannu a hankali, jiha bayan jiha, ƙasa bayan ƙasa, awo ya koma jajibere. Zuwa shekarun 1990 abin ya zama al'ada.

Niyyar kyakkyawa ce, ba na shakka. An so a ba yaro kwana guda ya mayar da ruwan jikinsa kafin a fara dukan kansa. Amma ɗan Adam in ka buɗe masa taga, ƙofa yake gani. Wanda da can zai rage kilo biyu, da ya ga yana da awa 24 zuwa sama da 30 na farfaɗowa, sai ya rage bakwai ko takwas. A makon awo ya daina cin gishiri, ya rage ruwa, ya sa rigar leda yana gudu, ya shiga ɗakin zufa, wani har da tofar da yawu a kwalba. Ya hau sikeli idanu sun faɗa, haƙarƙari a waje. Yana sauka a miƙa masa gora. Kashegari da dare sai ka ga wani mutum daban, kamar ƙanzon da ya kwana a ruwa.

Ga misali da aka gani da ido. A watan Nuwamban 2010, Manny Pacquiao da Antonio Margarito sun hau sikeli a Texas, tazararsu ba ta kai kilo uku ba. A daren wasan da gidan talabijin ya sake auna su, Pacquiao kilo 67, Margarito kilo 75. Kilo takwas ke nan, fiye da abin da Robinson ya ɗauka a kansa a gaban Maxim, ga shi kuwa a takarda aji ɗaya suke. Pacquiao ya ci wasan. Wannan nasarar ta fi yadda littafi ya rubuta ta girma, kuma akwai nasarori da yawa na wasu da ba su kai yadda aka rubuta su ba.

Nan ne musunmu ke zamewa. In matashi ya ce wane zai buge Robinson tunda dukansu 'yan ajin kilo 67 ne, sunan ajin ne ɗaya, mutanen ba ɗaya ba. Ɗan kilo 67 na yau sau da yawa yana shiga fage da nauyin da a 1950 sai a sa shi aji na gaba. Haka in an ce wane yana da hannu a ajinsu, tambayar farko ita ce nawa ya kai a daren. Wasu masu kisan, baiwarsu ta farko jikin da ke jure bushewa ce. Wasu kuwa da ake cewa hannunsu ya mutu da suka hau sama, ba mutuwa ya yi ba, sun dai fara gamuwa da sa'o'insu ne. Ƙara da cewa azuzuwan nan takwas sun zama 17, tazarar wasu ba ta kai kilo biyu ba, to tsallake aji a yau da tsallake aji a zamanin Armstrong hanyar jirgi daban, ta mota daban. Hukumar IBF, ɗaya daga cikin manyan hukumomin damben boksin na duniya, ta yi ƙoƙarin toshe ɓarakar, inda take sake awo da safiyar ranar wasa, ba a yarda a ƙara sama da laba goma ba, wato kilo huɗu da rabi. Wannan kansa shaida ce cewa masu abin sun san akwai gyara.

Shi ya sa ni a raina Usyk ya fi tsaya mini. Ajin manya ba shi da iyaka ta sama, babu mai busar da kansa, lambar da ka gani ita ce. A karo na biyu da Fury, a Disambar 2024, an auna Usyk kilo 102 da ɗoriya, Fury kilo 127, duk da dai da tufafinsa ya hau. Ko ka cire kayan, tazarar ta isa buhun da yaro ba zai ɗaga ba.

Kwanan baya na kai wannan zancen wurin wani dattijo a layinmu, mahauci ne da ya sa zare a ƙuruciyarsa, har yanzu kuma ba ya rasa zuwa gidan dambe a Sabon Gari. Yana yankan tsoka yana ɗorawa a sikelinsa na ƙarfe, ya saurare ni har na gama. Sai ya ce, «Ɗana, mu a namu ba a auna mutum. Ka fito, na fito, manya su dube mu. In sun ga ba sa'anka ba ne, a ce ka koma.» Na ce, «Baba, to ƙaramin da ke da hannu fa?» Ya ajiye wuƙar, ya nuna mini wani tabo a ƙasan haɓarsa, ya ce wanda ya yi masa shi ko kafaɗarsa bai kai ba, a turmi na biyu ya buge shi, kuma tun safe suna rumfa ɗaya da shi, a kwano ɗaya suka sha fura kafin la'asar.