Buromet daban, buromin daban

Tunda maganar burodi ta sake tasowa ko ina ka zauna a Katsina buromet ake ta kira, teburin mai shayi, guruf na WhatsApp, har shekaranjiya na ji wani a rediyo yana ta nanata wai "burodi mai buromin". Wallahi abin ya tsaya min a rai, don da buromin ne a ciki ko kusa da hanci ba mai iya kai shi balle baki. Buromin ruwa ne ja mai duhu, yana tururi yana ƙona fata, sunan ma daga Girkanci aka samo shi, ma'anarsa wari, wani Bafaranshe Balard ya gano shi a 1826. Buromet kuwa fari ne kamar gishiri, ana zuba shi a fulawa don burodi ya tashi, kuma NAFDAC ta hana shi tun zamanin Dora Akunyili saboda haɗarinsa ga ƙoda da zargin yana jawo cutar kansa.

A lab suke haɗuwa. Ka gauraya buromet da buromaid, wani gishirin na buromin, ka sa asid sai buromin ya fito, da shi ake buromineshan, wato maƙala buromin a jikin sinadari mai kabon. Ɗiga man gyada a ruwan buromin ka girgiza, kana kallo launin zai ɓace, don buromin ya maƙale a jikin man.

Wanda na fi so in nuna wa ɗalibaina shi ne buromineshan na asiton, ruwan nan da ake goge jan farce da shi. In na tambaye su yadda za a sa aikin ya yi sauri, kullum amsarsu ɗaya, malam ƙara buromin aiki ya yi sauri. To ba haka ba ne. Tun 1904 wani masanin sinadarai Lapworth ya nuna cewa in akwai asid, ko ka ninka buromin saurin yana nan yadda yake, amma ninka asiton ko asid ɗin sai saurin ya ninku. Dalili, asiton sai ya fara sauya siffa zuwa wata da ake kira inol, wannan matakin ne mai nawa, buromin jira kawai yake, inol na fitowa ya cafke. Kamar mai masa ce da safe, ko mutum hamsin ne suka tsaya da kwano, tanda ce ke yanke yawan abin da zai fito a minti goma, masu jira ba sa ƙara mata wuta.